Kuskuren Abban Yasmin

Tun kafin Adawiyya ta ƙarasa zaure ta jiyo muryar 'yarta Yasmin tana kai ƙara wajen Sabi'u, wai Ummi ta hana ta wasa da ruwan sama. Ta gyara mayafinta ta leƙa, sai ta same shi durƙushe a gaban yarinyar, ya haɗe fuska yana gyaɗa kai kamar alƙalin gaske.

Bayan sun gaisa ya ce, "Malama, an shigar da ƙararki fa. Me za ki ce?"

"Cewa zan yi alƙalin ya fara zazzage aljihunsa tukuna. Na san da alewa a ciki."

Ya yi dariya har da sunkuyar da kai. Yasmin ta karɓe ledar gasasshiyar masarar da ya zo da ita, ta kwasa da gudu cikin gida tana kiran Gwaggo ta zo ta gani.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, garin Kabo ya yi luf sai ƙamshin ƙasa. Kowace Juma'a haka Sabi'u yake tasowa daga Gwarzo a kan babur ɗinsa, ko ana ruwa ko ana rana. Malamin gona ne, kullum yana tsakanin manoman Sabon Birni da na Dugabau, shi ya sa Adawiyya take tsokanarsa wai ko turaren duniya ya fesa sai ta jiyo ƙamshin taki. Ita kuma lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata. Saura wata guda cif a ɗaura musu aure.

Suka zauna a kan tabarma, ya shiga ba ta labarin gyaran gida. An gama fenti, an sa tagogi, amma rigima ta ɓarke tsakaninsa da mahaifiyarsa Hajiya Fatsuma a kan inda Yasmin za ta riƙa kwana. Shi ya ware mata ɗaki a sashensu, Hajiya kuwa ta ce ba ta san zancen ba, har ta sa an shigar da ƙaramin gado ɗakinta.

"Ku ƙarata can," in ji Adawiyya. "Dama Hajiya ta fi sona da kai."

"Wannan kam na daɗe da sallamawa, hasken idona. Ni ɗan aike ne kawai da ya yi sa'a."

Suna cikin wannan raha wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Sabi'u ne ya fara dubawa. Ta ga murmushinsa ya gushe a hankali, ya ɗago ya dube ta.

"Rahoton binciken jirgin ne... ya fito."

Shekara uku ke nan ba wata biyu da faruwar abin. Mijinta na fari, Abdulnasir, haifaffen Kabo ne, mataimakin matuƙi a wani kamfanin jiragen dakon kaya. Wata safiya jirginsu ya yi lodin kayan 'yan kasuwa daga wata ƙasar waje zai nufo Kano. Ya ɗauki gudu a kan titin tashi har titin ya ƙare bai iya ɗagawa ba, ya daki katangar filin jirgin ya kama da wuta. Su biyar ne a ciki, babu wanda ya fita. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lukuman, injiniyan jirgin, yayan Sabi'u, ɗan farin Hajiya Fatsuma.

A wajen ta'aziyya aka san juna. Hajiya da nata zaman makokin, amma da ta ji cewa akwai yarinya a Kabo da aka bari da goyo, sai ta sa Sabi'u ya kawo ta. Ta tarar da Adawiyya a ƙuryar ɗaki cikin takaba, ta zauna kusa da ita ta riƙe hannunta, suka yi kukansu ba wadda ta ce da wata ta yi shiru. Daga ranar Hajiya ba ta sake sakinta ba. Yau ta aiko da man shanu, gobe daddawa, jibi rake na Yasmin, kuma kullum Sabi'u ne ɗan aiken. Tun yana ajiye saƙo a zaure ya juya, har ya fara tsayawa shan ruwa, har hirar ta fara kai su magariba. Ranar da ya daure ya faɗa wa Hajiya abin da ke ransa, cewa ta yi ita tana mamakin abin da ya sa ya daɗe haka.

Yanzu ga rahoton a dandalin da iyalan mamatan suka buɗe a waya, shafi ɗari da 'yan kai, duk da Turanci. Adawiyya ta wuce kai tsaye inda aka taƙaita musabbabin hatsarin. Ta karanta sau ɗaya, ta koma ta sake.

Nauyin jirgin da kayansa tan ɗari da tamanin da ɗaya ne. Wanda ya shigar da nauyin a kwamfutar jirgin sai ya juya lambobi biyun ƙarshe, ya rubuta ɗari da goma sha takwas. Kwamfutar ta ɗauka jirgin ba shi da nauyi, ta ba injuna ƙarfin da bai isa ya ɗaga shi ba. Kaftin ya kamata ya sake duba lambar, bai duba ba. Rahoton bai kama sunan kowa ba, cewa kawai ya yi mataimakin matuƙi ne ya shigar da lambar.

Irin kuskuren da take zagayewa da jan biro kullum a littattafan ɗalibanta. Ta kifa wayar a kan tabarma.

Sabi'u ya riga ya karanta wurin shi ma. Idanunsa sun kaɗa. Can ya ce da ita wannan bai sauya komai a wajensa ba, kwanan Yaya ne ya ƙare, kuma ko da babu lambar da wani dalilin zai zo.

"A wajenka ke nan," ta ce a hankali. "Hajiya fa?"

Nan ya yi maganar da ta ɓata mata rai. Ya ce Hajiya ba ta cikin dandalin, ba ta jin Turanci, kuma ko gidan rediyo ya ɗauki labarin kuskuren ma'aikata kawai za a ce. Su yi shiru har a sha biki, bayan wata biyu ko uku shi da kansa zai san yadda zai faɗa mata.

Adawiyya ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"So kake in shiga gidanta, ta zuba mini tuwo da hannunta, ta goya 'yata, alhali na san abin da ba ta sani ba game da mutuwar ɗanta?"

"Tsoron rasa ki nake yi, Adawiyya. Shi ke nan laifina."

"Ni ma ina tsoro. Amma ba zan iya ba."

Ta tashi ta shige gida ba ta raka shi ba. Ta daɗe tsaye a bayan ƙofa kafin ta ji tashin babur ɗinsa.

Washegari ta wuni a ɗaki. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta san Abdulnasir. Mutum ne da in ya kulle ƙofa sai ya dawo ya sake taɓa kwaɗon, in zai ba Yasmin magani sai ya ɗaga cokalin ya duba a haske. Da safiyar ranar hatsarin ma ya kira ta, ya ce a gajiye yake ainun, ta ajiye masa farfesu ya zo ya ci ya yi barcin kwana biyu. Wani lokacin ta ji haushinsa ya taso mata, nan take kuma tausayinsa ya danne, sai ta rasa wanne za ta yi wa kuka.

Gwaggo Uwaliya, ƙanwar mahaifinta wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta shigo da kwanon fura ta tsare ta sai da ta faɗi abin da ke faruwa. Da farko Gwaggo bayan Sabi'u ta bi. Ta ce ai ba Adawiyya ce ta tuƙa jirgin ba, kuma tsohuwar da ta fara samun sauƙin zuciya ba a tayar mata da miki ana saura wata guda biki. Da ta ga yarinyar ta kafe, sai ta ja ta suka tafi wajen Malam Hammadu, mahaifin Adawiyya, yana zaune a inuwar darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya.

Malam ya saurare su har ƙarshe. Ya yi wa mamatan addu'a, sannan ya tambayi 'yarsa ko ta san cewa in ta je ta faɗa, auren zai iya rushewa. Ta ce ta sani. Ya tambaye ta ko tana son Sabi'u. Ta sunkuyar da kai hawaye suna ɗiga a kan zanenta, bai sake tambaya ba.

"To ki je," ya ce. "Gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin 'yan biki. Uwaliya, ki raka ta. In Hajiya ta yi faɗa ku yi shiru, ɗanta ne."

Ranar Lahadi da hantsi suka shiga motar Gwarzo, suka bar Yasmin a gida. Duk tsawon hanyar Adawiyya tana kallon gonakin masara da dawa sun yi kore shar, tana shirya maganar a ranta tana warwarewa.

Suka tarar da Hajiya Fatsuma a tsakar gida ta baje atamfofin lefe a kan tabarma tana jerawa a akwati. Tana ganinsu ta hau murna tana yayyafa musu faɗa, wai amarya ba ta ganin lefenta kafin a kai, ta jawo zane ta rufe kayan. Ta tambayi ina ƙawarta Yasmin, ta sa aka kawo musu kunun gyaɗa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Malam, ta tambayi makaranta, ta tambayi damina.

Adawiyya ta sauko daga kujerar da aka ba ta, ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Hajiya, magana na zo da ita, kuma mai nauyi ce. Masu binciken jirgi sun gama aikinsu. Sun ce kuskure aka yi wajen rubuta nauyin kaya, shi ya hana jirgin tashi." Ta sunkuyar da kai. "Abban Yasmin ne ya yi kuskuren."

Hajiya ta ƙura wa zanen da ta rufe lefen ido. Ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, Injiniya take ce masa, kuma da ta buɗe baki da shi ta fara.

"Ba injin ba ne ke nan? Ba aikin Injiniya ba ne ya lalace?"

"A'a Hajiya. Sun ce lafiyar jirgin ƙalau."

"Shekara uku ina kwana da tunanin ko wani abu ya manta bai ɗaure ba..." Can ta tambaya ko Sabi'u ya sani. Adawiyya ta ce tun Juma'a. Ta sake tambaya me ya hana shi faɗa mata.

Hajiya ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Suka jira har aka kira azahar ba ta fito ba. Gwaggo ta yi sallama daga bakin ƙofa, aka amsa mata ciki-ciki. Ranar ce ta farko da Adawiyya ta bar gidan nan ba a cika mata jaka da tsaraba ba.

Litinin ta koma makaranta, don zaman ɗaki ba ya rage mata komai. Wata ɗaliba ta juya lambobi a allo, 'yan aji suka kwashe da dariya. Adawiyya ta tsawatar musu, ta miƙa wa yarinyar alli ta ce ta nutsu ta sake dubawa, ba wanda yake korarta.

Sabi'u yana kiranta safe da yamma. Ran Talata ya faɗa mata Hajiya ta daina amsa gaisuwarsa, abinci ma sai dai ta taɓa ta ture. Ya ba ta haƙuri a kan shawarar da ya kawo, ya ce tun a hanyar komawa Gwarzo ranar ya san bai kyauta ba, kunya ce ta hana shi juyowa. Ran Laraba kuma ya kira da wani labarin. Bayan karin kumallo Hajiya ta kira shi ta ce ya ɗauko takardar nan ya fassara mata da Hausa, tun daga shafin farko, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Daga ranar kullum da safe suna yin shafi goma sha biyar kafin ya fita aiki. In ya zo wurin da ba ta gane ba sai ta tsayar da shi, har da zane yake yi mata a ƙasa da tsinke.

Juma'a ta zagayo. Adawiyya ba ta zaci zai zo ba, amma ana idar da la'asar ta ji ƙarar babur. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ta kawo masa ruwa da dambun da Gwaggo ta yi, ta zauna ta tsare shi sai da ya cinye.

Ya ce mata Hajiya har yanzu ba ta ce komai a kan biki ba, akwatunan lefe suna nan a inda aka bar su. Ya fara cewa ko me za a yi shi ba zai fasa ba, ta katse shi.

"Sabi'u, ka san ina sonka. Ban taɓa faɗa maka da bakina ba, yau na faɗa. Bayan rasuwar Abban Yasmin na ɗauka ni da farin ciki mun yi sallama, sai ga ka da ledar daddawa." Ta yi murmushi hawaye na zuba. "Amma in Hajiya ta ce ba za ta iya kallona a gidanta ba, ba zan shiga ba. Ta rasa ɗa ɗaya, ba zan raba ta da na biyu ba."



"Wannan halin naki shi ya sa nake sonki, kuma shi ne yau yake neman kashe ni," ya ce. "Na ji. Amma ki sani ko shekara nawa za ta ɗauka kafin ta huce, kowace Juma'a ina nan zauren. Sai dai Malam ya kore ni."

"Malam ba zai kore ka ba. Ya ce kai kaɗai ne ka gane abin da ke cin masararsa."

Suka yi 'yar dariya. Yasmin ta fito ta haye cinyarsa tana lalube aljihu, suka zauna su uku har aka kira magariba, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ranar Laraba ta sama, kwana goma da zuwansu Gwarzo, Adawiyya ta dawo daga makaranta da rana ta ga baƙin takalma a ƙofar ɗakin Gwaggo. Kafin ta tambaya ta jiyo Yasmin tana zuba surutu, da wata murya da ta sani tana biye mata. Ta yi sallama ta shiga.

Hajiya Fatsuma ce zaune da Yasmin a cinyarta. Ita kaɗai ta shigo motar haya, ko Sabi'u bai san ta fito ba. Bayan an gaisa Gwaggo ta ja yarinyar suka fita. Adawiyya ta rakuɓe a bakin ƙofa, Hajiya ta ce ta matso.

Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ta ji haushi, haushin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Kwana uku in ta rufe ido sai ta ga hannun mutum yana rubuta lamba, ta ji kamar ta fizge hannun. Har ta kai ta cewa a ranta ba za ta iya buɗe ido kullum ta ga 'yarsa tana wasa a tsakar gidanta ba. Shi ya sa ta ce a karanta mata takardar duka, don ta san wanda take jin haushi.

"Sai na ji ashe awa ashirin yaran nan suka yi ba su runtsa ba. An ce su huta a masauki, kaya suka makara, aka bar su zaune a filin jirgi. Kin karanta wurin da aka rubuta maganganunsu na ƙarshe?"

Adawiyya ta girgiza kai. Ta kasa kaiwa nan.

"Injiniya ne ya haɗa shayi ya kai wa mijinki. Ya ce masa, sha ka wartsake, idonka ya yi ja. Shi kuma ya ce Allah ya yi albarka, in mun sauka Kano kai zan fara kaiwa Gwarzo kafin in wuce gida." Hajiya ta share ido da gefen mayafi. "Ashe abokai ne, ni ban sani ba. Kuma da abin ya zo, an ce har ƙarshe mijinki yana ta ƙoƙarin ɗaga jirgin, yana salati. Sau uku na sa Sabi'u ya maimaita mini wurin."

Adawiyya ta kifa kai a gwiwa tana kuka mara sauti. Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ba ta wani labari da ta ce ko Sabi'u bai sani ba. Lokacin Injiniya yana shekara biyu, da kaka, ta wuni tana sussukar gero ita kaɗai. Da yamma ta ɗora kunu, ta zauna a gefen murhu, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ihunsa ne ya tashe ta, ya jawo tukunyar ta zube masa a kafaɗa. Wata biyu suna asibiti. Da tabon ya girma, da shi ya koma ga Mahaliccinsa, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce tsautsayi ne.

"Gajiya ce, 'yar nan. Na san ta. Ni Allah ya rufa mini asiri nawa ya rayu, mijinki kuma nasa ya zo a inda ba a gyarawa. Da na tuna wannan sai na ji kunyar haushin da nake ji. Bai tsira ya bar ɗana ba, tare suka tafi, a sahu ɗaya aka sallace su."

Ta kamo hannun Adawiyya ta ɗago ta.

"Ke kuma da kin yi shiru da ban sani ba. Kika tako da ƙafarki kika faɗa mini, alhali nawa ɗan da na haifa ya so ya rufe ni. Irinki nake so ta riƙe mini gida in na tsufa. Ki yafe mini barinki da na yi durƙushe ranar nan."

"Hajiya, ni ce zan nemi gafara..."

"Ta me? Tashi ki wanke fuskarki ki zubo mini abinci, tun safe ban ci komai ba. Kuma ki kira wancan mai baburin ki ce ya zo ya mayar da ni, ƙafata ba za ta iya motar haya sau biyu ba."

Sabi'u yana wata gona a Dugabau kiran ya same shi. Ko minti talatin ba a yi ba ya iso, wandonsa duk taɓo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mahaifiyarsa tana cin shinkafa da wake kwano ɗaya da Yasmin. Hajiya ta ɗago ta harare shi, ta ce ita da shi har yanzu ba su shirya ba, amma gobe ya nemo motar da za ta kawo lefe, kuma ko kwana ɗaya ba za a ɗaga bikin ba. Ya durƙusa a wurin. Da ya saci kallon Adawiyya ya ga tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Aka kawo lefe, aka yi kamu, aka sa lalle. Ranar Asabar ɗin da aka tsayar, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mutanen Gwarzo suka cika ƙofar gidan Malam Hammadu, motoci har bakin titi. A masallacin unguwa da ke jikin gidan aka ɗaura auren, an kunna lasifika, don haka matan da ke cikin gida suna jin komai.

Adawiyya tana zaune a ɗakin Gwaggo cikin leshi ruwan zuma, ƙawayenta malaman makaranta sun kewaye ta, Yasmin tana jingine da ita tana wasa da awarwaronta. Ta ji an ambaci sunanta da na Sabi'u, ta ji an shafa fatiha, guɗa ta tashi a tsakar gida. Wayarta ta yi haske, saƙonsa ne: "Alhamdu lillahi, matata. Ɗan aike ya zama maigida."

Ba ta gama murmushin ba ta ji liman ya yi gyaran murya ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya ce mahaifiyar ango ta aiko da roƙo, a yi addu'a ga bayin Allah biyar da suka rasu a hatsarin jirgin kaya shekara uku da suka wuce, cikinsu har da ɗanta. Ta kuma ce a kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a fara da Abdulnasir.

Daga waje aka ji amin ɗin ɗaruruwan maza ta tashi gaba ɗaya.

Yasmin ta ɗago kai da sauri.

"Ummi, sunan Abbana aka faɗa?"

"Shi ne, Yasmin."

"To me ya sa kike kuka?"

Adawiyya ta jawo ta jikinta, ta haɗa 'yan tafukan hannunta biyu a cikin nata masu lalle, ta ɗaga su sama.

"Daɗi nake ji," ta ce. "Ce amin."